TSATSA DA MAGANINTA: BAYANI A KAN FENTIN HODA DA FENTIN TSOMI

Garin Kafanchan, a kudancin Jihar Kaduna, ƙarfe ne ya raya shi. A shekarar 1927 aka haɗe hanyar jirgin ƙasa wadda ta taso daga Fatakwal ta bi ta Inugu da Makurɗi, ta iso wannan wuri ta rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau dutse zuwa Jos. Daga nan ne wurin ya zama mahaɗa, ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa suka taru daga kowace kusurwa ta Nijeriya. Ba kuwa da zuwan jirgi mutanen yankin suka fara sanin ƙarfe ba. Ƙauyen Nok, a ƙasar Jaba, shi ya ba da sunansa ga wata tsohuwar al'umma wadda masana suka tabbatar tana narka tama ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa.

A yau masu walda na Kafanchan da Zonkwa da Kagoro da Kwoi da Kachia su ne suka gaji wannan sana'a. Suna ƙera ƙofofi da get da ƙarafan taga, da tebura da bencinan makaranta, da gadajen asibiti, da hasumiyar ɗora tankin ruwa, da injinan yanka citta. Aikinsu yana da ƙarko ta wajen haɗi, amma sau da yawa mai saye yakan wayi gari bayan damina biyu ko uku ya tarar gindin ƙofarsa ya huje, fenti yana ɓarewa falle-falle. Wannan ƙasida za ta bayyana dalilin haka, sa'an nan ta yi bayanin hanyoyi biyu na zamani da masana'antu ke bi su tsare ƙarfe, watau fentin hoda da fentin tsomi na lantarki, domin mai saye ya san abin da yake biyan kuɗinsa, mai sana'a kuma ya san inda zai gyara.

Yadda Tsatsa Ke Cin Ƙarfe

Tsatsa ba wani datti ba ne da ke sauka a kan ƙarfe daga waje. Ƙarfen ne da kansa yake komawa asalinsa. Tamar da ake haƙowa a ƙasa, ƙarfe ce wadda ta gauraya da wani sashe na iska, aikin mai narka kuwa shi ne ya raba su da wuta. In aka bar ƙarfe tare da ruwa da iska, sai ya shiga komawa tama a hankali. Wannan ita ce tsatsa. Mugun halinta shi ne ba ta manne wa ƙarfe ta rufe shi, kumbura take yi ta farfashe, ta riƙe danshi, ta buɗe sabon wuri.

Saboda haka yanayin gari yana da babban tasiri. Masana sun lura cewa in danshin iska ya gaza wajen kashi 60 cikin 100, cin tsatsa yakan ragu ƙwarai. A Kano da Katsina, inda rani ya fi damina tsawo, ƙarfe yana samun hutu watanni da yawa. A Kafanchan kuwa ana ruwa tun daga watan Afrilu har Oktoba, ga raɓa da hazo na gindin duwatsun Kagoro. Fentin da zai daɗe a Katsina ba lalle ne ya kai rabin wannan lokaci a nan ba.

Wani zai ce, to, ai ga dogon jirgi nan shekara da shekaru a fili ba fenti, bai kuwa ƙare ba. Gaskiya ne, amma dogo yana da kauri, ko tsatsa ta ci bayansa akwai saura mai yawa. Bututun da ake yin bencin makaranta da shi kuwa, kaurin jikinsa bai fi milimita ɗaya ko biyu ba. Ba shi da rarar da zai bayar. Kuma ba a sarari tsatsa take fara kama shi ba, sai a bakin walda, da kusurwoyi, da cikin bututu inda ruwa ke kwanciya, watau daidai wuraren da burushi ba ya kai wa.

Hasarar ba ta tsaya ga masu gidaje ba. Wani bincike da ƙungiyar injiniyoyin tsare ƙarfe mai suna NACE ta fitar a 2016 ya ƙiyasta cewa lalacewar ƙarfe tana jawo wa duniya hasarar wajen dala tiriliyan biyu da rabi kowace shekara, fiye da kashi 3 cikin 100 na dukan abin da duniya ke samarwa.

Wanki Kafin Ado

Kafin a zo kan kowace irin hanya, ya kamata a fahimci abu guda, domin shi ne tushen maganar duka. Fenti kowane iri ne, a kan abin da ya tarar yake zama. In ya tarar da tsabtataccen ƙarfe, ya kama ƙarfe. In ya tarar da mai, ko ƙura, ko tsohuwar tsatsa, ko baƙin ɓawon nan da sabon ƙarfe ke zuwa da shi daga masana'anta, to, su ya kama, ranar da suka saki kuwa tare za su tafi.

Don haka a masana'antar kirki, shirya ƙarfe ya fi shafa fentin cin lokaci. Da farko a kankare kashin walda, a goge kaifin baki. Sa'an nan a wanke mai da giris da ruwan sabulu mai ƙarfi. A cire tsatsa da ɓawo, ko dai da ruwan asid, ko kuma da injin da ke watsa ƙananan ƙwayoyin ƙarfe da ƙarfin iska har jikin ya fito fari. Bayan an ɗauraye sai a tsoma shi cikin ruwan wani magani da ake kira fosfet, wanda ke barin wani siririn rufi mai kaushi a jikin ƙarfen. Wannan rufi yana ba fenti wurin kamawa, yana kuma hana tsatsa rarrafe ta ƙarƙashi in an sami ƙarzuwa. A sake ɗaurayewa, a busar sarai.

Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan matakai da ido zai gani bayan an gama aiki. Ƙofar da aka wanke da wadda ba a wanke ba, ranar da suka fito kasuwa ƙyalli ɗaya suke yi. A nan ne mai son ribar gaggawa yake yanke hanya, a nan ne kuma mai saye yake faɗawa ga kyan ɗan maciji.

Fentin Hoda

Fentin da kowa ya sani ruwa ne, ana sirka shi da tina, in aka shafa sai tinar ta bi iska ta bar launi. Fentin hoda, wanda masu Turanci ke kira fauda kotin, ba ruwa a cikinsa ko kaɗan. Busasshen gari ne mai laushi kamar fulawa, an haɗa shi da launi da wani irin ƙaro na masana'anta da maganin da ke sa ƙaron ya sandare in ya ji zafi. Wani Bajamushe mai suna Erwin Gemmer ne ya nemi rajistar hanyar farko ta amfani da shi a 1953, inda ake zafafa ƙarfe a tsoma shi cikin hoda da iska ke motsawa. A farkon shekarun 1960 aka fito da hanyar fesa shi da lantarki a Turai, wadda ita ce ta yaɗu ko'ina.

Duk wanda ya taɓa cire rigar leda da dare a lokacin hunturu, ya ji tana ƙara tana manne masa a jiki, ya riga ya ga sirrin wannan aiki. Irin wannan lantarki ne ake amfani da shi. Ana rataye kayan ƙarfe a ƙugiya wadda aka haɗa da ƙasa ta waya. Bindigar feshi tana busa hodar da iska, a bakinta kuma akwai allura mai ɗauke da ƙarfin lantarki da kan kai bolt dubu 100. Kada wannan adadi ya firgita mai karatu, domin yawan wutar da ke gudana ƙanƙane ne ainun. Kowace ƙwayar hoda tana ɗaukar caji, ƙarfen ya jawo ta, har ta kan zagaya ta manne a bayan bututu inda bindiga ba ta fuskanta ba. Wadda ta zube ƙasan ɗakin feshi ana iya tattara ta a tace a sake amfani da ita, abin da ba ya yiwuwa da fentin ruwa.

A wannan mataki da yatsa ma ana iya share hodar. Sai an shigar da kayan cikin tanderu, a zafin digiri 180 zuwa 200 na ma'aunin santigired, kusan zafin da ake gasa burodi, sa'an nan hodar ta narke ta malala ta haɗe, ta sandare ta zama fata guda mai tauri. Gashin yakan ɗauki minti 10 zuwa 20, amma ana fara ƙidaya ne daga lokacin da ƙarfen kansa ya kai wannan zafi, ba daga lokacin da aka rufe ƙofar tanderu ba. Ƙarfe mai kauri yana jinkirin ɗaukar zafi. In aka yi gaggawar fito da shi, zai yi ƙyalli kamar gasasshe alhali ɗanye ne, da ya sami bugu sai ya fashe.

Kaurin fatar yakan kasance tsakanin maikiron 60 da 120. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, watau fatar duka ba ta wuce kaurin gashin kai ɗaya ko biyu ba. Duk da haka ta fi abin da shafa ɗaya ta fentin ruwa ke bari.

Hodar ma iri-iri ce, kuma wajibi ne a tambaya. Mai suna efoksi ta fi kowace kama ƙarfe da jure magunguna, ta dace da gadon asibiti da kabad na ofis, amma rana tana cinye ta, cikin 'yan watanni sai ta dushe ta riƙa ba da farin gari kamar alli. Don get da taga da sandar fitilar titi, sai mai suna foliyesta. Kada kuma a rikita wannan aiki da na kwanon samira da langa, waɗanda rufinsu gilashi ne da ake narkawa a zafin da ya kai wajen digiri 800.

Fentin hoda yana da iyakarsa. Cajin lantarki ba ya son shiga lungu mai zurfi, don haka kusurwar ciki takan fito da rufi marar kauri, cikin bututu kuwa ba ya samun kome. Itace da roba da makulli mai leda ba sa jure tanderu. Girman kaya kuma ba zai wuce girman tanderun ba. Daga wannan mai saye zai iya riƙe wata hujja mai sauƙi: ƙofar da aka riga aka kafa a bango ba ta yiwuwa a yi mata fentin hoda a inda take. Duk wanda ya zo gida da bindigar feshi ya ce shi zai yi, fentin ruwa ya kawo da sabon suna.

Fentin Tsomi na Lantarki

Matsalar lungu da cikin bututu ita ce ta dami masu ƙera motoci, domin gangar mota cike take da kogunan da hannu ba ya shiga, daga can ne kuwa tsatsa ke hudo ta. Kamfanin Ford na Amurka ya sa wani masani mai suna George Brewer ya jagoranci bincike tun ƙarshen shekarun 1950, a 1963 aka fara tsoma gangar motoci a masana'antarsu ta Wixom a jihar Mishigan. A 1976 kamfanin fenti na PPG ya kawo ingantaccen nau'i don motoci, wanda ya fi na farko tsare ƙarfe nesa ba kusa ba. A yau kusan kowace sabuwar mota a duniya ta bi ta wannan wanka kafin a fesa mata launi.

Wanda ya taɓa ganin marina a Ƙofar Mata ta Kano zai gane siffar aikin, sai dai a nan lantarki ne ke kai rinin. Tanki ne babba, kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na abin da ke ciki tataccen ruwa ne, saura ƙwayoyin fenti masu ɗauke da caji. Kamar yadda batir ke da kai biyu, mai alamar tarawa da mai alamar ɗebewa, haka ake haɗa kayan da kan ɗebewa, a haɗa wasu faranta na gefen tanki da kan tarawa, a saki wuta mai ƙarfin bolt 200 zuwa 400 na tsawon minti biyu ko uku. Ƙwayoyin fenti sai su rugo su daskare a jikin ƙarfen.

Abin sha'awa shi ne, fentin da ya zauna ba ya barin wuta ta wuce. Da wuri ya rufu sai wutar ta bar shi ta nemi inda ya rage tsirara, fenti ya bi ta. Da haka har a kai ga lunguna da bakin walda, kowane wuri ya sami rufi kusan daidai wa daida, wajen maikiron 20. Shi ya sa ake barin ƙananan huji a gangar mota, don ruwan ya shiga ya fita. Bayan an ɗauraye sai a gasa. Fiye da kashi 95 cikin 100 na fentin yana ƙarewa a jikin kaya.

Galibi efoksi ne, baƙi ko ruwan toka, don haka shimfiɗa ce kawai, yana bukatar wani rufi a sama ya tsare shi daga rana. Kayan da aka yi wa tsomi sa'an nan aka ɗora fentin hoda, su suka fi daɗewa. Direbobin hanyar Kafanchan zuwa Jos ko Kaduna sun san cewa in mota ta yi haɗari aka yi mata walda, wurin gyaran ne ke fara tsatsa ko da mai fenti gwani ne. Dalili shi ne wutar walda ta ƙone rufin tsomi ciki da waje, mai gyara kuwa wajen kaɗai yake iya maidowa.

Wannan hanya ba ta ƙaramin mai sana'a ba ce. Dole tankin ya riƙa motsi dare da rana, a tsare zafinsa, a riƙa auna ruwansa a ɗakin gwaji. In wuta ta ɗauke ta daɗe, fenti ya kwanta, an yi hasarar tanki guda. Ba ya biyan kansa sai inda kaya ke wucewa dubbai, kamar masana'antar motoci, ko babura, ko kayan gyaransu.

Abin Da Mai Saye Zai Duba

Nauyi ya fi yawa a kan waɗanda ke saye da kuɗin jama'a: ƙananan hukumomi, da shugabannin makarantu da asibitoci, da kwamitocin coci da masallaci, da ƙungiyoyin iyaye da malamai. Bai isa a rubuta a takardar kwangila cewa a yi fenti mai kyau ba. A rubuta yadda za a wanke ƙarfen, da irin hodar, da kaurin da ake so. Akwai ɗan ƙaramin ma'auni da ake ɗorawa a jikin kaya ya nuna kaurin nan take, duk ma'aikatar kirki tana da shi. A nemi a gasa wani guntun ƙarfe tare da kayan don gwaji. A tsaga shi da reza tsaye da kwance kamar gidan dara, a manna salatif a fizge. In fenti ya biyo salatif, ba a yi wanki ba. A jiƙa tsumma da asiton, watau ruwan goge fentin farce, a cuɗa. In ya yi laushi sosai yana danƙo, gashi bai kai ba. Ya kuma kyautu a riƙe wani kaso na kuɗin kwangila sai kayan sun ga damina ɗaya.

In kaya za su zauna cikin ƙasa ko cikin ruwa, kamar gindin hasumiyar tanki, to, tsohuwar hanyar tsoma ƙarfe cikin narkakkiyar tutiya, wadda wani Bafaranshe mai suna Sorel ya yi wa rajista a 1837, har yanzu ita ta fi. Da ita ake yin kwanon rufi. Cikin injin niƙa ko na yanka citta kuwa, inda abinci ke gogar ƙarfe, ba wurin fenti ba ne kowane iri, domin zai ƙanƙare ya bi abincin. Wurin ƙarfen nan ne marar tsatsa.

Wanda aka sayar wa kaya da sunan ƙarya yana da inda zai kai kuka. Akwai Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, SON, wadda aka kafa tun 1971, akwai kuma Hukumar Tarayya ta Kare Haƙƙin Masu Saye, FCCPC. Sai dai kuka ba ya tafiya ba tare da rasit da takardar yarjejeniya ba.

Ga Masu Walda

Ma'aikatun wannan aiki sun fi yawa a manyan biranen masana'antu, musamman Ikko. Mai walda na kudancin Kaduna da zai aika kaya nesa a gasa, ya gama dukan walda da huji tukuna, ya tsara manyan kaya su zama gunduwa-gunduwa da za a ɗaure da noti, domin waldar da aka yi bayan gashi tana ƙone rufin. Ya bar ƙaramin huji a ƙasan kowane bututu don ruwa ya tsiyaye. A hanyar dawowa a naɗe kayan da kwali, kada igiya da gargada su lalata abin da aka biya.

Fentin hoda kuwa ba ya fi ƙarfin ƙungiya. Abin da ake bukata shi ne tankunan wanki, da kwampreso, da bindiga, da ɗakin feshi, da tanderu. In masu sana'a na gari guda suka haɗa hannu suka kafa ɗaya, kowa ya riƙa kawo kayansa, zai fi a ce kowa ya yi nasa. Tanderun gas ya fi dacewa, saboda in wutar lantarki ta yanke a tsakiyar gashi, kayan sun ɓaci. Danshin yankin kuma yana sa hoda ta dunƙule, don haka a ajiye ta a rufe a wuri mai sanyi, a sa matacin ruwa a bututun iskar kwampreso. Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, ITF, mai hedkwata a Jos, da hukumar SMEDAN da Bankin Masana'antu, su ne ƙofofin da ƙungiya mai rajista za ta fara ƙwanƙwasawa don horo da jari.

Akwai haɗari da bai kamata a ɓoye ba. Ƙurar hoda tana cutar da huhu, kuma in ta cika ɗaki ta haɗu da tartsatsi tana iya tashi da wuta, saboda haka ba a walda ko shan taba kusa da ɗakin feshi, kuma dole a sa takunkumi mai mataci. Kankare tsatsa da yashin rafi yana jawo ciwon huhu marar magani, Ingila ta hana shi tun wajen 1950. Tsohon fenti kuma, musamman ja da rawaya, yana iya ƙunsar dalma, gubar nan da ta kashe yara wajen 400 a Jihar Zamfara a 2010 ta hanyar niƙa duwatsun zinariya a gida. Kada a ƙone tsohon fenti ko a goge shi a bushe a tsakar gida inda yara ke wasa. Ruwan asid da na wanki kuma a kashe kaifinsu da farar ƙasa a rami na musamman, kada a sake su cikin rafin da ake shayar da dabbobi da ban-ruwan lambu.

Kayan da aka riga aka kafa ba sa bukatar wani abu mai tsada. A wanke su da ruwa da sabulu sau biyu a shekara, a kau da ƙasa da ciyawa daga gindinsu. A watan Maris, kafin ruwan farko, a bi su da kallo. Inda aka ga ƙarzuwa, a goge da samfefa har farin ƙarfe ya bayyana, a shafa jan fentin farko, in ya bushe a rufe da fentin mai na launin da ya dace.